FASHIN BAƘI: Hanyar AYA–Nyanya–Mararraba, titin da faɗaɗawa ta kasa warkar da cunkosonsa

Hanyar AYA–Nyanya–Mararraba ita ce ƙofar gabas ta birnin Abuja. Ta tashi ne daga mahaɗar AYA a unguwar Asokoro, ta wuce barikin Mogadishu da aka fi sani da Barikin Abacha, ta gangara Kugbo, ta ratsa Karu da Nyanya, sannan ta tsallaka iyaka zuwa Mararraba a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Daga nan ta miƙa zuwa Masaka da Keffi, inda matafiya Jos da Lafiya da Makurɗi ke ci gaba da tafiya. Wato titi ɗaya ne ke ɗaukar ma'aikacin da zai je ofis, da tirelar siminti, da fasinjan Arewa maso Gabas.

Tushen cunkoson ya girmi motocin da ke kan titin. Taswirar Abuja da aka kammala a 1979 ta tsara birni mai manyan tituna, amma tun da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara tura dubban iyalai bayan gari. A ɓangaren Nasarawa fili ya fi araha, dokar gini kuma ba ta kai ta Abuja tsanani ba. Haka Mararraba da Ado da Masaka suka zama ɗakin kwanan babban birnin ƙasa. Da sassafe kowa Abuja ya nufa, da yamma kowa gida, shi ya sa hannu ɗaya na titin yake cushewa alhali ɗayan yana sarari. Akwai masu fita tun kafin kiran sallar asuba don kawai su tsere wa layin motoci.

Harin bam na tashar motar Nyanya a ranar 14 ga Afrilu, 2014, wanda ya kashe mutum fiye da 70, ya ƙara dagula lamarin, domin shingen binciken sojoji da aka kafa a hanyar ya mayar da tafiyar mintuna ta sa'o'i.

Babban gyaran da titin ya samu ya zo ne a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, lokacin da Babatunde Fashola yake ministan ayyuka. An bai wa kamfanin China Harbour aikin faɗaɗa kilomita 5.4 a ɓangaren Abuja, haɗe da tagwaita hanyar Keffi–Akwanga–Lafiya–Makurɗi, kuma mafi yawan kuɗin rance ne daga bankin Exim na ƙasar Sin. An ƙara layuka a gefe domin raba motocin unguwa da masu wucewa. Aikin ya rage wahala a inda ya taɓa, sai dai faɗin titi ba shi da amfani idan bakinsa ya tsuke. Motocin da suka bazu a layuka masu yawa dole su sake matsuwa da zarar sun kusanci Mararraba, inda 'yan kasuwa suka ci gefen titi, direbobin haya suke lodi a kan kwalta, 'yan acaɓa da masu adaidaita-sahu kuma suke bin hannun da ba nasu ba. Wurin cunkoson ne ya matsa gaba, shi kansa cunkoson yana nan.

Abin da zai fi kawo sauƙi shi ne wata hanyar dabam, kuma an san haka tuntuni. A 2011 aka bayar da kwangilar hanyar Apo–Karshi mai tsawon kusan kilomita 13, domin mazauna Karshi da Orozo da Jikwoyi su shiga gari ba tare da sun biyo ta Nyanya ba. Ministoci sun zo sun wuce, kowanne da ranar da ya sa ta buɗewa, aka shafe fiye da shekara goma ba a gama ba. Jirgin ƙasan cikin birni da aka ƙaddamar a 2018, aka kuma farfaɗo da shi a 2024, ya nufi Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa. Layin da aka tsara zai kai Nyanya da Karu, inda buƙatar ta fi yawa, ya tsaya a takarda. A 2025 gwamnatin Abuja ƙarƙashin Nyesom Wike ta buɗe sabuwar tashar motoci a Kugbo, amma tasha ba ta rage yawan ƙananan motoci sai an zuba manyan bas masu tashi a kan lokaci.

Rashin hanyar ratse yana da haɗari bayan ɓata lokaci. Gangaren Kugbo ya sha ganin manyan motocin da birki ya ƙwace musu, kuma a watan Maris na 2025 wata tirela ta afka cikin layin motoci kusa da gadar Karu, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka. Duk ranar da irin haka ta faru, gabashin Abuja gaba ɗaya yakan tsaya cak.

Ga mai neman wanda zai tuhuma, titin yana da iyaye da yawa. Babbar hanyar ta Gwamnatin Tarayya ce, ɓangaren da ke cikin Abuja yana hannun hukumar birnin, titunan cikin Mararraba da tashoshi da kasuwanninta kuwa na Jihar Nasarawa ne da Ƙaramar Hukumar Karu. Akwai kuma batun kuɗi. Dokar harajin albashi ta ce jihar da mutum yake zaune ita ke da harajinsa, kuma gwamnatocin Nasarawa sun daɗe suna ƙorafin cewa na ma'aikatan da ke kwana a Karu yana tsayawa ne a Abuja, alhali su aka bari da magudanan ruwa da shara da titunan unguwa.