Tarihin Zaɓen Makaranta da Jarrabawa a Ƙasar Gumel

Wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wani dattijo mai fataucin shanu ya ji an ce ni malamin jami'a ne, sai ya ja ni inuwa ya ce, "Malam, ga yarona ya kusa ƙare sakandare. Wace jarrabawa zan biya masa, Wayek, ko Neko, ko kuwa ta Larabci? Kuɗin guda ɗaya kaɗai na ke da shi." Na ba shi amsar da ta sawwaƙa a lokacin. Amma da na koma na zauna, sai na ga tambayar nan ta girmi dattijon da kansa. Iyayen yara a ƙasar Gumel sun fi shekara ɗari su na yin ta, sunayen makarantu da na hukumomi ne kurum ke sakewa. Nufina a wannan takarda in bi sawunta tun daga farko, domin malaman da ke horon malamai su ga inda zaɓen ya ke a hannun uba, da kuma inda a ke yi masa shi bai sani ba.

Sai mu fara da inda Gumel ta ke, gama zamanta a bakin iyaka shi ne rabin labarin. Sarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajen 1750, kuma Borno ta ke bi. Jihadin Shehu Usmanu bai shigar da ita ƙarƙashin Sakkwato ba, ko da ya ke maƙwabtanta Haɗeja da Kazaure da Kano duk masu tuta ne. Tsohuwar gidan sarautarta, Tumbi, yau a cikin Nijar ta ke. Sarki Ahmadu ya karɓi mulkin Ingilishi cikin 1903, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suka kafa alamun iyaka. Tun daga ran nan dangi ɗaya, masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, suka zama masu makaranta iri biyu.

Kafin wannan duka akwai tsangaya, kuma kuskure ne a ce ba ta da manhaja ko jarrabawa. Yaro ya kan fara da babbaƙu da farfaru, ya shiga rubutun allo, ya bi surori daga ƙasa zuwa sama har ya yi sauka, a yi masa zayyana. Wanda zai zarce ya koma tilawa da hadda. Matakan kuwa sanannu ne: kolo, titibiri, gardi, alaramma, gwani. Ba a kiran mutum alaramma sai ya haddace, ya kuma iya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma waɗanda za su duba rubutun nan ba su da sassauci ko a kan wasali ɗaya. Kalmomin tsangaya da gwani kansu daga Barebari muka aro su, abin da ke nuna inda ilmin ya fi ƙarfi. Shi ya sa har yanzu idan an ce yaro ya tafi gabas ba a bukatar ƙarin bayani. Uba a wannan zamani ya na da zaɓe na gaske. Ya kan zaɓi malami, ya zaɓi ko yaro ya tsaya a gida ko a kai shi nesa, ya zaɓi ko ya bi hanyar hadda ko ya koma zaure ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Shaidar da yaro zai fito da ita ba takarda ba ce ta hukuma, sunan malaminsa ne da abin da ke kansa.

Makarantar gwamnatin Turawa ta fara a Arewa da ta Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, aka shirya makarantun Midil wajen 1930. Gumel a lokacin ta na cikin Lardin Kano, saboda haka tsanin da ɗan Gumel zai hau shi ne: shekara huɗu a elementare ta En'e, in ya yi fice a ɗauke shi zuwa Midil ta Kano, in ya sake yin fice a kai shi Katsina, ko Kaduna bayan kwalejin ta tashi can cikin 1938, ko Zariya daga 1949. Tsani ne mai faɗi kaɗan a ƙasa, mai tsini ƙwarai a sama. A nan ne kuma zaɓe ya fara fita daga hannun uba. Sananne ne a Arewa duka yadda a ke neman yara: umarni ya fito daga Di'o zuwa fada, daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci ko bulama, a ce ana son yara kaza. Mai hali ya ɓoye nasa, a kama ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa. Da yawa daga cikin waɗanda aka kama ɗin nan su ne suka zama malamai da akawuna da 'yan majalisa bayan shekara ashirin, har masu ɓoyon suka yi da-na-sani.

Bari in ɗan ratse a kan kalmar boko, tun da ita ce sunan da aka ba wannan ilmi. Mutane da yawa sun ɗauka daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da ma'anar algus da yaudara, kamar yadda mu ke cewa amaryar boko, watau wadda ba ita ce ta gaskiyar ba, kuma Paul Newman ya yi bayani cikin 2013 cewa kalmar Hausa ce tun asali. Ni ma nan na tsaya, domin ƙa'idar aron kalmomi ba ta goyi bayan ɗaya zancen ba. Wannan ya nuna mana hukuncin da iyaye suka yanke wa sabuwar manhaja tun ran farko.

Abin da ya kamata malamai su lura da shi a tsarin elementare da Midil shi ne harshe. A elementare da Hausa a ke koyar da karatu da rubutu da lissafi, kuma dominta ne Hukumar Talifi ta Zariya ta yi ta buga littattafai a zamanin Dokta East da Malam Abubakar Imam. Amma da yaro ya shiga Midil sai Ingilishi ya karɓi ragama, domin jarrabawar da ke jiransa a ƙarshen hanya ta Jami'ar Kambirij ce, a Ingila a ke shirya tambayoyinta, can kuma a ke mai da takardu a duba. Yaron da ya tashi cikin gero da gyaɗa da rairayin Gagarawa sai ya zauna ya haddace tarihin Daular Ingila da kogunanta. Ba na cewa ilmin banza ne. Abin da na ke cewa, mai shirya jarrabawa shi ne mai manhaja, ko da kuwa wani ne ya rubuta ta a takarda, gama malami abin da za a tambaya ya ke koyarwa.

Bayan rahoton Dokta Jeffery na 1950 aka kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma cikin 1952, wadda a ke rubutawa WAEC, mu kuwa mu ce Wayek. Ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, daga baya Laberiya ta shigo. Da farko tare da Kambirij ta ke aiki, sannu a hankali ta karɓi aikin duka. A gefe kuma akwai jarrabawar Jami'ar Landan ta GCE, wadda mutum zai iya zama daga gida, kuma malaman firamare da akawunan En'e da yawa ta nan suka sami ƙofar jami'a. Sai hanya ta uku, wadda ita ce talaka ya fi so: kwalejin horon malamai, a fito da satifiket mai daraja ta uku ko ta biyu. Dalili kuwa a fili ya ke. Ana ciyad da yaro, ana ba shi ɗan abin kashewa, ranar da ya fito aiki na jiransa, sau da yawa ma a garinsu.

Hanya ta huɗu ita ce aka yi domin a sasanta allo da boko. Cikin 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano don horon alƙalai, da malamai daga Sudan, cikin 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Uban da ke ƙyamar Midil ya kan yarda da wannan, tun da fiƙihu da nahawu a ke karantawa, ga kuma albashin En'e a ƙarshe. A zamanin Sardauna aka sa wa irin waɗannan makarantu hukumar jarrabawa tasu, wadda daga baya ta zauna shekaru masu yawa ƙarƙashin Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ita ce a ke kira NBAIS yanzu. Sai cikin 2011 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da ita a matsayin hukumar jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya. Wannan jinkiri ya cuci mutane da yawa, domin a tsawon shekarun nan ɗalibi ya kan fito da Larabci mai kyau, ya tarar fannonin da takardarsa ke buɗewa a jami'a 'yan kaɗan ne.

To, a ƙetaren iyaka fa? Ɗan'uwan yaron nan da ke ƙasar Magarya ko Dungas wata duniya ya shiga. Faransawa ba su yarda da koyarwa da harshen gida ba, tun daga ajin farko Faransanci ne, shi ya sa a can a ke ce wa makaranta lakwal, malami kuwa mushe. Jarrabawarsu ta bi ta Faransa: satifiket na ƙarshen firamare, sa'an nan BEPC, sa'an nan bakaloriya, wadda ita da kanta ce mabuɗin jami'a. Su ma sun nemi sasantawa da allo, suka buɗe madarasa ta farko mai Faransanci da Larabci a Sayi cikin 1957, kuma a Damagaram aka fara gwajin koyarwa da Hausa cikin 1973. Abin mamaki ne a ce abin da elementare ta En'e ta yi tun kafin yaƙin Hitila shi ne ya zama sabon gwaji a can. Mutanen bakin iyaka kuwa ba su taɓa ɗaukar ta katanga ba. Akwai gidajen da ke da ɗa a nan da ɗa a can, kowa da irin takardarsa, kuma takardar ɗaya ba ta aiki a ƙasar ɗaya sai an kai ta ofis an auna darajarta.

Sauran labarin na kusa ne, ba sai na daɗe a kansa ba. Ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa kafin a sami malamai. Cikin 1978 aka kafa JAMB, ta zama ƙofa ta biyu bayan satifiket. Tsarin 6-3-3-4 ya fara cikin 1982, aka yi jarrabawar babbar sakandare ta farko cikin 1988. Jihar Jigawa ta fita daga Kano cikin 1991, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suka koma ƙarƙashin ma'aikatar ilmi ta Dutse. NABTEB ta zo domin makarantun sana'a a farkon shekarun 1990, sa'an nan gwamnatin Janar Abdussalami ta kafa NECO cikin 1999, da hedkwata a Minna, ta yi jarrabawarta ta farko cikin 2000. Satifiket mai daraja ta biyu ya mutu, NCE ta zama mafi ƙanƙantar shaidar malanta, wadda Kwalejin Ilmi ta Gumel ta daɗe ta na bayarwa.

A ganina, tambayar dattijon Maigatari ta zo a makare, kuma ba laifinsa ba ne. WAEC da NECO manhajar babbar sakandare guda su ke jarrabawa a kanta, jami'o'in Nijeriya na karɓar kowace, a fannoni da yawa ma ana yarda a haɗa sakamakon zama biyu, in ban da irin su likitanci inda a kan nemi zama ɗaya. Bambancin da ke akwai shi ne WAEC ta fi sanuwa a wajen ƙasa. Zaɓen da ke da nauyi an riga an yi shi tun baya, sau biyu. Na farko ranar da aka kai yaro makaranta ya na ɗan shekara shida, aka yanke ko allo ne, ko firamare, ko Islamiyya, ko a haɗa. Na biyu a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, sa'ad da a ke raba yara zuwa kimiyya ko adabi ko sana'a ko Larabci, sau da yawa ba tare da an kira uban ba, ba a kuma gaya masa ƙofofin da aka rufe ba. Yaron da bai yi kimiyyar haɗa magunguna a aji huɗu ba, babu hukumar da za ta mai da shi likita a aji shida.

Kuma duk hukumomin nan na wannan gefe sun haɗu a kan abu guda: jami'a na neman kiredit biyar, ciki har da Ingilishi. Hausa darasi ce a WAEC da NECO, ana yin digiri a kanta, amma kiredit ɗinta ba ya maye gurbin na Ingilishi ko ga wanda Hausar zai karanta. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa, ta 2022 ta ƙara tsawon lokacin har ƙarshen firamare, sa'an nan cikin 2025 gwamnatin tarayya ta soke wannan ta koma ga Ingilishi. Duk kai-da-kawowar nan ba ta taɓa sharaɗin shiga jami'a ba, malamin aji kuwa sharaɗin ya ke kallo.

Dattijon nan na tambaye shi abin da yaron ke karantawa, ya ce shi dai ya san ya na zuwa. Aka kirawo yaron daga wajen shanu, ya ce ajin adabi ya ke, kuma lauya ya ke so ya zama. Na ce to a biya wadda makarantarsu ta fi shirya su a kanta, a kuma nema masa mai yi masa bitar Ingilishi kafin lokaci. Da za mu rabu sai uban ya ce ya na da wani ɗan, wan wannan, wanda ya yi shekara goma sha biyu a gabas, ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau biyu, ko shi wace takarda za a ba shi? Na ce NBAIS na da jarrabawar hadda, amma sai ta hanyar makarantar da ke da rajista da ita, kuma sai ya haɗa da waɗansu darussa. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce zai yi shawara da alaramman yaron in an sauke amfanin gona.