Ranar Imola da babura 401

A farkon shekarun 1970, masu ƙera babura a Italiya suna cikin tsaka mai wuya. Honda ta fito da CB750 a 1969, babur mai silinda huɗu, ga sauƙin kuɗi ga rashin lalacewa, kasuwar Turai ta karkata zuwa Japan. Ducati kuwa, wadda ta soma da ƙera kayan rediyo a Bolonya a 1926, tana hannun gwamnati, kuma da ƙananan babura aka fi saninta.

Ranar 23 ga Afrilu, 1972, aka yi tseren mil 200 a Imola. Ducati ta shiga da sabon injinta mai silinda biyu, ƙirar injiniya Fabio Taglioni. Dabarar da ya dogara da ita, wadda ake kira desmo, ita ce rufe bawul da ƙarfe mai lilo maimakon sifirin, domin sifirin ɗin zamanin yakan gaza idan inji ya yi matuƙar gudu. Giacomo Agostini ya fara jan gaba a kan MV Agusta, sai babur ɗinsa ya lalace. Paul Smart, ɗan Ingila, ya zo na ɗaya, Bruno Spaggiari na biyu, dukansu a kan Ducati.

Kamfanin ya yi alkawarin sayar da irin wannan babur ga masu hawa titi, amma bai cika ba sai 1974. Shi ne 750 Super Sport, mai koren firam, kuma 401 kacal aka ƙera. A yau wanda yake da cikakkiyar shaida yakan haura dala 100,000 a gwanjo, alhali babur ɗin zamani mai matsakaicin farashi zai bar shi a baya. Tarihin tseren da ƙarancin adadin ake saye.

Daga nan matsalar take tasowa. Ducati ta ƙera 750 GT da 750 Sport da yawa, kuma sun yi tarayya da Super Sport a sassa masu dama, don haka gwanin makaniki zai iya harhaɗa na jabu da ido ba zai raba shi da na asali ba. Shi ya sa mai saye yake bin lambar firam da ta inji, da takardun duk hannun da babur ya ratsa, kafin ya saurari ƙararsa.

Abin ban mamaki, aibin da aka ga masana'antar da shi a da ya zama shaida. Aikin gamawa na Ducati a lokacin bai da kyau: fenti sama-sama, tankin faiba mai kaushi, wayoyin lantarki marasa tabbas. Babur ɗin da aka gyara har ya fi yadda ya fito daga Bolonya sheƙi yakan jawo zargi, kuma masu tarawa da yawa sun fi son wanda fentinsa na 1974 ya koɗe amma ba a taɓa shi ba.