Karofin da Ya Bushe: Saƙa, Rini da Ƙauyukan Kudancin Kano

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke kudu da birnin Kano a tsakiyar rani, in dai yana da idon lura, ba zai rasa ganin waɗansu ramuka jere a bayan gari ba, waɗansu ƙasa ta cike su, waɗansu kuwa an mai da su juji. In ya dace da dattijo ya tambaye shi, sai ya gaya masa nan ne karofi, ya kuma lissafa masa gidajen da suka gaje shi kaka da kakanni. A ganina, wanda ke son ya fahimci sababin da ya sa ƙauyukanmu suka rame bayan wadata, a bakin waɗannan ramuka ya kamata ya fara tsayawa kafin ya je gona.

Dalili kuwa shi ne, noma bai taɓa riƙe ƙauyen Hausa shi kaɗai ba, domin damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara kuwa sana'a ce ke ciyar da gida. Da zarar an kai amfani rumbu, sai mata su zauna gurzar auduga da shiɓa da kaɗi, mazari na juyawa tun hantsi har la'asar. Masaƙa su shimfiɗa zarensu a inuwa, ƙoshiya na kai da kawowa. Marina su jiƙa baba da toka da katsi a rami, su tsoma, su shanya, su sake tsomawa. Daga nan kaya su wuce hannun mabuga, waɗanda za su yi ta bugu da shuni har tufa ta ɗauki ƙyalli. Garin Kura ya yi suna da wannan har rawani ya ci sunansa, ana cewa ɗan Kura, Buzayen Azbin kuma ba su da abin ado da ya fi shi daraja. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Tumbutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara, kimanin wuri miliyan 60. Abin da ya fi burge shi kuwa, kuma ni ma shi ya fi burge ni, shi ne sana'ar ba ta raba mutum da iyalinsa ba, a gidansa yake yin ta. Ba banza ba Imamu Gazali, a cikin littafinsa Ihya'u, ya sanya saƙa tare da noma a cikin fardu kifaya, wato abin da in al'umma duka ta bar shi, alhaki ya hau kanta.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya fara jigila a 1912, niyyarsu ita ce audugar ƙasar nan ta tafi masaƙun Lankasha. Abin sha'awa, da farko masaƙanmu ne suka rinjaye su, domin kuɗin da suke sayen auduga ya fi na kamfanin Turawa, sai manoma suka ba gyaɗa ƙarfi don samun kuɗin haraji. Amma jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ne ya dawo da akoko da alawayyo masu araha, da shunin kanti wanda Jamusawa suka fara sarrafawa tun 1897; hanyar ayari ta Sahara kuma ta yi ta mutuwa. Sana'ar ba ta faɗi rana ɗaya ba, ta jima tana jan jiki, yau a bar rami ɗaya, baɗi a bar biyu, har aka kafa masaƙar zamani ta farko a Kaduna a 1957, aikin da ke warwatse a zauruka dubbai ya koma ƙarƙashin rufi guda, cikin birni. Ita ma masaƙar an rufe ta a 2002, amma aikin bai komo ƙauye ba.

To, a nan ne cin rani ya sake kama. Tsohuwar al'ada ce, ba wanda zai musa, almajirai da masu sana'a sun daɗe suna fita bayan kaka don a rage wa rumbu baki, su komo da faɗuwar ruwan fari. Amma bayan farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta hallaka gyaɗa a 1975, alhali kuɗin man fetur na malala a birane, sai tafiyar ta zama tilas, komowar kuma ta zama ganin dama. Jikan marini ya koma ga-ruwa a Kano, ko faskare, ko gadi a Ikko. Gandu ya watse, tun da ɗa ba ya ganin abin da zai tsare shi ƙarƙashin uba. Tsohuwar da a da take sayen gishirinta da goronta da kuɗin zare ta koma jiran aike. Masu ƙidaya za su ce jama'ar karkara ƙaruwa ta yi, kuma gaskiyarsu ne ta fuskar lissafi, sai dai wanda ya halarci jana'iza a ƙauye a watan bazara, ya ga yadda ake neman majiya ƙarfin da za su haƙa kabari, ya san adadi dabam, ƙarfin gari dabam.

Kura kanta ita ce hujjata mafi ƙarfi. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, sai mutanen wurin suka sami aikin rani a madadin wanda suka rasa, shinkafa da alkama da tumatir suka maye gurbin baba, garin ya cika har baƙi na zuwa ƙodago. Ƙauyukan da ruwan bai kai gare su ba kuwa, ko da tazarar ba ta wuce tafiyar yini guda a ƙasa ba, har yanzu da an gama sussuka samarinsu ke ɗaure kaya su nufi tasha.