Takin Shanu: Kano, Zazzau da Ƙasar Nijar

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, yawancinmu 'ya'yan manoma ne, ko da yake ofis ya raba mu da fartanya. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin kashin shanu, abin da ɗan boko ke toshe wa hanci, alhali shi ya ciyar da kakanninsa.

Wanda ya duba tarihin zai ga cewa yawan shanu bai isa ya sa mutane su riƙi taki ba. Ƙarancin gona ne ke sa su. A karkarar Kano, inda jama'a suka yi yawa tun kafin zuwan Turawa, manomi ba ya da filin da zai bari ya huta, saboda haka gona ɗaya yake nomawa shekara da shekaru. Da rani za ka ga ayarin jakuna sun shiga birni da itace, sun fito da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan karkara a shekarun 1960, ya tarar ƙasar tana ba da amfani ba tare da hutu ba, kuma taki ne ya riƙe ta. A can har sayar da shi ake yi. Ita ma Polly Hill ta ga irin wannan a Batagarawa kusa da Katsina, inda gonakin da ke kewaye da gari suke shan taki, na daji kuwa sai abin da Allah ya ba su.

A ƙasar Zazzau al'amarin dabam ne. Ruwan sama ya fi yawa, daji kuma ga shi nan, don haka idan gona ta gaji, ƙuduji ya fara cin dawa, sai a bar ta ta zama saura, a sari sabuwa. Mai son taki kuwa sai ya nemi Bafillace. Bayan an yi girbi makiyayi zai sauka a gonar, shanu su ci kara da karmami, su kwana a wurin, ana matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan. Manomi ya ba da dammunan dawa, wani lokaci da kuɗi, matan ruga kuma su sami kasuwar nono a ƙauyen. Ba takarda, ba alƙali, amana ce kurum.

Amma ko a Zazzau, inda ƙasa ta matse sai hali ya koma irin na Kano. Cikin 1966 da 1967 David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike a ƙauyuka uku, watau Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa. A Hanwa, wadda ke bakin gari kuma Fulani masu shanu suka zauna a cikinta, gonaki ba su samun hutu, taki ke ɗauke da su. Yau gidaje sun cinye yawancin waɗannan gonaki, wasunmu ma a can suka yi gini.

Turawan mulki sun gane darajar abin. Sun buɗe tashar binciken noma ta Samaru a 1922 da gonar dabbobi ta Shika a 1928, suka kuma shigo da noman shanu, inda ake ba manomi bashin bijimai biyu da garma, don ya sami huɗa ya kuma sami taki a turke. A 1950 aka fara wani gwaji a Samaru wanda aka yi shekaru da dama ana binsa: wannan fili a zuba masa kashin shanu, wancan takin zamani, wani a haɗa masa duka biyun, wani a bar shi haka nan. Abin da ya bayyana shi ne filin da aka daɗe ana zuba wa takin zamani zalla ƙasarsa tana yin tsami, ƙarfinta yana raguwa, wanda aka haɗa wa biyun kuwa shi ya fi riƙe amfani. Abin mamaki, wannan sakamako yana nan kusa da mu, amma da kuɗin man fetur suka zo sai gwamnati ta bi ta wata hanya. Shirin raya noma na Funtuwa a 1975, da shirin ciyar da ƙasa na 1976, sun malalo sufa da kamfa da yuriya da rangwame mai yawa. Wa zai wahala da jaki da mangala alhali buhu ɗaya ya isa a ɗauko a keke? Manomi ya daina neman makiyayi, makiyayi ya zama baƙon da ake kora daga gona. A ganina wannan yana cikin tushen rigimar da ta biyo baya, ko da yake ba shi kaɗai ba ne.

Maƙwabtanmu na Nijar ba su sami wannan gatan ba, sai wuya ta koya musu tattali. Bayan farin 1984, manoman Illela a jihar Tawa suka ɗauki dabarar da ake kira tassa, wadda aka gano a Yatenga ta Burkina Faso. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo, a zuba tafin taki ɗaya a kowane, ruwan farko ya taru a ciki, sannan a shuka gero. Da wannan suka farfaɗo da filayen da aka riga aka fid da rai da su.

Da aka janye rangwame a 1997, da kuma lokacin da farashin buhu ya yi tashin gwauron zabo a 2022 sakamakon yaƙin Rasha da Yukiren, manomanmu sun koma neman abin da suka yar. Sai dai sun tarar jakuna sun ƙaranta, sharar birni ta cika da leda, shanun da dā suke kwana a gona kyauta ko a kan dami biyu kuwa da yawa sun yi kudu. Yanzu a tifa ake sayen taki, kuma kashin kajin gidan gona ya shiga kasuwar yana gogayya da na shanu.