Yadda Kirsimeti Ta Sake Suna A Rasha

Kun dai san Kirsimeti sallar Kirista ce, ta tunawa da haihuwar Annabi Isa. To, me ya sa waɗanda ba su bin addini su ma suke yin ta? Bari mu duba labarin Rasha.

A 1917 'yan gurguzu suka ƙwace mulki, su kuwa ba su yarda akwai Allah ba. A 1929 suka soke hutun Kirsimeti, suka hana itacen da akan ƙawata wa yara cikin gida. Wasu suka ci gaba da yi a ɓoye. A 1935 wani babba cikin masu mulki, Postishev, ya rubuta a jaridar Pravda a mayar wa yara itacensu. Aka mayar, amma aka ce na Sabuwar Shekara ne, aka ɗora jan tauraro a bisansa maimakon tauraron Baitalami.

Watau abin da jama'a suka riƙe shi ne taron dangi, da abinci, da murnar yara cikin tsananin sanyi. Mutum yakan bar aƙida, amma da wuya ya bar ranar da iyayensa suka saba tara su. Sabo ake yi wa kuka. An maido da hutun Kirsimeti a 1991, amma har yau Sabuwar Shekara ce babban bikin Rasha.