Tallafin ƙaro karatu da sharaɗin komawa bakin aiki

Malamin jami'ar gwamnati, a ce ɗan Malumfashi mai koyarwa a Dutsin-Ma, idan asusun TETFund ya ɗauki nauyin ƙaro karatunsa, yakan rattaba hannu cewa zai koma ya yi wa makarantarsa aiki na wasu shekaru. Idan ya saɓa, kuɗin sun zama bashi, kuma in ba a same shi ba, wanda ya tsaya masa ake bi.

A shekarar 2023, babban sakataren asusun, Sonny Echono, ya shaida wa majalisar wakilan Najeriya cewa fiye da mutum 137 sun ƙi komawa gida.

Wannan, da tsadar dala, suka sa asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙetare daga Janairun 2025.