Su wa ne ƴan sa kai a zaɓen fidda gwani na Amurka?

A Amurka ƙuri'ar mutane ce ke fidda wanda jam'iyya za ta tsayar takarar shugaban ƙasa, jiha bayan jiha. Ƙarfin ɗan takara a nan ƴan sa kai ne: ɗalibai, ma'aikata, dattawa, ba wanda ke biyansu. Gida-gida suke bi, su buga waya, su kai mutane wurin zaɓe.

Mun ga tasirinsu ranar 3 ga Janairun 2008 a jihar Iowa. Duk da tsananin sanyi, sun fito da matasa, Barack Obama ya kayar da Hillary Clinton wadda ta fi shi suna a lokacin. Daga nan hanyarsa ta buɗe zuwa fadar shugaban ƙasa.